Madannai Huɗu a Ƙafa Ɗaya: Yadda Muka Haɗa Na'urar Gasar Kacici-kacici a Dirin Daji

Ga rubutaccen shirin wannan mako saboda 'yan uwan da data ba ta ishe su sauraro ba, da waɗanda sabis yake yi wa gardama. Kamar kullum daga Dirin Daji nake magana, a ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru.

Yau maganar lantarki za mu yi, amma don Allah kada kowa ya gudu. Lissafin da ke ciki bai wuce tarawa da rabawa ba. Kuma abin da zan bayyana, da yawanku yana cikin aljihunku yanzu haka, za ku gani kafin mu rabu.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Lokacin hutu mukan tara yaran sakandare mu shirya musu gasar kacici-kacici, tebur huɗu, kowane tebur da ƙungiyarsa. A jefa tambaya, wanda ya riga ɗaga hannu shi zai amsa. To a wata gasa, ana zagayen ƙarshe, tebur biyu suka ɗaga hannu kusan tare, alƙali ya zaɓi ɗaya. Nan wuri ya kaure. Wata yarinya ta miƙe ta ce an yi son kai, domin ƙanen alƙalin yana teburin da aka zaɓa. Ni ina wurin, kuma wallahi ba zan iya rantsuwa kan wanda ya riga ba. Abin da ya fi damuna, washegari yara uku daga teburin da ya sha kaye ba su dawo ba. Ka sha wahala ka shawo kan iyaye su bar 'ya'yansu mata su fito, sai zargi guda ya rushe maka aikin wata biyu.

Shi ne muka ce a haɗa na'ura: kowane tebur da madanninsa, wanda ya riga dannawa fitilarsa ta kama, ƙararrawa ta yi ƙara, sauran su kulle.

Ƙwaƙwalwar na'urar ita ce abin da ake kira maikurokwantirola, wato 'yar ƙaramar kwamfuta ce a cikin ayisi guda, irin baƙin abin nan mai ƙafafu da kuke gani idan an buɗe rediyo. Mun yi amfani da allon Arduino Uno. An fara Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai su samu abin koyo mai araha, kuma ayisin da ke kan Uno sunansa ATmega328P. Allon yana da ƙafafu 14 na dijital, da wasu 6 na analog masu suna A0 zuwa A5.

Ku riƙe bambancin nan, domin duk shirin a kansa ya tsaya. Ƙafar dijital amsa biyu kawai ta sani: akwai wuta, ko babu wuta. Ita kuwa ƙafar analog tana auna yawan wutar. Ka ba ta tsakanin 0 da bolt 5, ta mayar maka da lamba tsakanin 0 da 1023. Bolt 5 shi ne 1023, rabinsa kusan 512, babu wuta kuma 0. Kowane mataki ɗaya bai kai kashi biyar cikin dubu na bolt ba, kun ga ke nan tana da ido sosai.

Yadda aka saba, kowane madanni ana ba shi ƙafar dijital tasa. Mu da muka ƙirga, ƙaramin allon rubutu ya cinye ƙafa 6, fitilu huɗu sun ɗauki 4, ƙararrawa 1, madannin alƙali na sake farawa 1, sannan ƙafa ta 0 da ta 1 ana barinsu saboda magana da kwamfuta. Sha huɗu sun tafi. Gaskiya ana iya juya ƙafafun analog su yi aikin dijital, saboda haka ba a ce hanya ta toshe ba. Abin da ya tsayar da mu shi ne wayar wuta. Idan kowane tebur sai an ja masa nasa layin har wurin alƙali, wayar da muke da ita ba za ta kai ba. Kuma kun san halin da muke ciki. Irin waɗannan kaya sai an yi saƙo Kontagora ko kasuwar Sabon Gari a Kano, wani lokaci har Alaba a Legas, ga kuɗin mota, ga yanayin tsaron hanya da ba sai na faɗa wa ɗan yankin nan ba. Abin da ke hannu shi za a yi dabara da shi.

Dabarar ita ce a ja layi guda mai waya biyu ya ratsa duka teburan, ya ƙare a ƙafa ɗaya tak, A0.

Za ku ce to yaya za ta gane wanda ya danna? Ku tuna zauren gida. Ƙofa ɗaya ce, amma mahaifiya tana daga cikin ɗaki za ta ce wane ne ya shigo, tun bai ƙarasa sallama ba, domin kowane ɗa da muryarsa. Abin da za mu yi ke nan, mu ba kowane madanni muryarsa. Muryar kuwa ita ce yawan wutar da zai bari a kan layin idan an danna shi.

Mai ba da muryar shi ne resista, ɗan ƙaramin abin nan mai zanen launuka kamar tsakiya. Aikinsa rage gudun wuta, kuma ana auna ƙarfinsa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya fitar da ƙa'idar a 1827. Idan kuka ji mai gyara ya ce 10k, om dubu goma yake nufi.

Ga ƙa'idar a sauƙaƙe. Idan ka jera resista biyu a layi tsakanin bolt 5 da GND, wato ɓangaren negetif, za su raba bolt biyar ɗin nan a tsakaninsu kamar yadda abokan kasuwanci suke raba riba, kowa gwargwadon jarinsa. Idan ƙarfinsu ɗaya, kowa ya ɗauki biyu da rabi. Idan na ƙasa ƙarami ne, kasonsa kaɗan ne. Ita A0 muna sa ta a mahaɗar da ke tsakaninsu, tana auna kason na ƙasa.

Haɗin kuwa ga shi. Ka ɗauki resista 10k, ƙafarsa ɗaya a 5V, ɗayar a A0. Wannan shi ne na sama, kuma ba ya canzawa. Daga A0 ka ja waya ɗaya, daga GND ka ja ta biyu, su bi ta gaban teburan. A kowane tebur ka haɗa madanni da resistansa a jere, ka gitta su tsakanin wayoyin biyu. Idan babu wanda ya danna, babu abokin rabo, A0 tana ganin bolt 5 cif, ta ce 1023. Da an danna, resistan wannan tebur ya shigo rabo, lambar ta faɗo.

Lissafin: ka ninka 1023 da ƙarfin resistan tebur, ka raba da jimillar ƙarfinsa da 10,000. Ga abin da ya ba mu:

Tebur na 1, resista 1k, lamba kusan 93.
Tebur na 2, resista 2.2k, lamba kusan 184.
Tebur na 3, resista 4.7k, lamba kusan 327.
Tebur na 4, resista 10k, lamba kusan 512.

Ga mai son ƙara na biyar, 22k zai ba shi kusan 703.

Launukansu kuma, don mai tsinta daga tsohon allo: 1k ruwan ƙasa, baƙi, ja. 2.2k ja, ja, ja. 4.7k ruwan ɗorawa, shunayya, ja. 10k ruwan ƙasa, baƙi, ruwan goro. Zane na huɗu idan ruwan zinariya ne, yana gaya maka resistan zai iya saɓawa da kashi 5 cikin 100, sama ko ƙasa. Wannan ya sa lambar da za ka gani ba lallai ta zo daidai da tawa ba. A tebur na 4 misali, tana iya sauka wajen 486 ko ta hau wajen 537 ba tare da komai ya lalace ba. Saboda haka kada ka kwafi lambobina ka zuba. Ka rubuta umarnin analogRead na A0, ka buɗe Serial Monitor a kwamfuta, ka danna kowane madanni ka rubuta abin da naka ya nuna. Da waɗannan za ka yi aiki.

Wani abin daɗi ga mu da wutar NEPA ba ta da tabbas: na'urar tana aiki da fawa bank. Kuma ko wutar ta ɗan sauka ƙasa da bolt 5, lambobin ba sa kaucewa sosai, domin a yadda Uno yake zuwa, ma'aunin da yake gwada wutar da shi daga wannan wutar dai yake ɗauka. Idan ta sauka, tare suke sauka.

To yanzu ga inda na sha kunya, kuma saboda shi ne na ga ya kamata a yi shirin nan.

A rubutuna na farko na yanka iyaka a tsakiya. Na ce duk lambar da ba ta kai 139 ba tebur na 1 ne, daga nan zuwa 256 na 2 ne, haka dai har ƙarshe. Muka gwada ɗaya bayan ɗaya, komai lafiya lau, har ana tafa mini. Sai wani yaro ya ce, "Yaya, mu danna tare mu gani." Shi yana tebur na 2, abokinsa yana na 3. Suka danna, sai fitilar tebur na 1 ta kama. Babu kowa a tebur na 1, kujera ce kawai.

Na zauna da biro. Idan madanni biyu suka rufe tare, wuta ta samu hanya biyu, kuma hanya biyu ta fi ɗaya sauƙin bi. Resista 2.2k da 4.7k idan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna zama kamar 1.5k. Sa shi a lissafin, za ka samu 133. Ni kuma na riga na gaya wa na'urar duk abin da bai kai 139 ba na tebur na 1 ne. Ba ta yi ƙarya ba, abin da na koya mata ta faɗa.

Ku duba fa. Mun kawo na'ura ne don a daina zargin son kai, kuma da an shiga gasa da ita a haka, da ta ba wa wanda bai danna ba maki, kowa kuma ya yi shiru saboda ai kwamfuta ce ta faɗa. Alƙali ɗan Adam ana iya yi masa musu. Na'ura kuwa kwarjini take yi wa mutane, ba mai tambayarta.

Gyara uku muka yi.

Na farko, muka daina yanka iyaka a tsakiya. Kowane tebur muka ba shi 'yar siririyar taga a kewayen lambar da muka auna, misali tebur na 1 daga 80 zuwa 106. Duk lambar da ta faɗo a wajen tagogin nan huɗu, na'urar ta rubuta cewa an yi canjaras, a sake tambaya. Lamba 133 yanzu ba ta da gida.

Na biyu, muka hana ta yanke hukunci da karatu ɗaya. Madanni idan an danna shi, ƙarafan ciki sukan yi 'yar rawa, su haɗu su rabu na ɗan lokacin da ido ba ya gani. Sannan wutar da ke faɗowa daga 1023 zuwa 93 dole ta ratsa ta 512 da 327 a hanya, kuma ana iya kama ta a nan. Uno yana iya karanta ƙafar analog kusan sau 10,000 a daƙiƙa guda, don haka muka ce sai ya ga lamba ta zauna a taga ɗaya sau biyar a jere kafin ya yarda. Duka wannan bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Da ya yarda sai ya kulle, ba ya sake sauraron kowa sai alƙali ya danna nasa madannin. Idan kuma aikinka ba na tsere ba ne, kamar madannan zaɓi a jikin wata na'ura, ka jira kashi 20 zuwa 50 cikin dubu na daƙiƙa ka sake karantawa, ya wadatar.

Na uku ba a cikin na'urar yake ba. Lissafi ya nuna mana wani rauni da taga ba ta toshe shi. Idan tebur na 1 da na 4 suka danna a lokaci guda cif, 1k da 10k suna ba da kusan 85, kuma 85 tana cikin tagar tebur na 1. Wato ƙaramin resista yana danne babba. Da irin saurin da na faɗa, abu ne mai wuya hakan ta faru, amma tana iya faruwa. Sai muka tara yaran muka gaya musu gaskiya, muka kuma sa doka cewa kowane zagaye ƙungiyoyi za su yi musayar tebur. Yarinyar nan da ta yi ƙorafi, ita muka ba alli ta yi lissafin a allo da hannunta, ta ga 85 ɗin da idonta. Daga ranar ita ce mai gwada madannai kafin a fara.

Darasin fasaha a nan: wannan dabara ta fi dacewa da wurin da madanni ɗaya ake dannawa a lokaci guda. Idan aikinka dole sai an gane biyu ko uku tare, ka ba kowanne ƙafarsa, ko ka zaɓi resistoci da lissafi na musamman yadda kowane haɗi zai ba da lambarsa daban.

Na yi alkawarin nuna muku abin a aljihunku. Ku ciro iyafis mai waya, irin mai madannai uku. Ku dubi bakin da ake sokawa a wayar hannu, kashi huɗu ne: kunnen hagu, kunnen dama, negetif, da makirfo. Ina layin madannan? Babu. A kan layin makirfo suke hawa. A ƙa'idar da Google ta fitar wa masu ƙera iyafis na Android, madannin tsakiya na kunnawa da tsayarwa yana haɗe layin kai tsaye, kusan om 0. Na ƙara murya kusan om 240, na rage murya kusan om 470. Wayar tana auna layin ta gane wanda ka taɓa. Abin da muka yi a teburanmu ke nan, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa ma idan ka sa iyafis na iPhone a wayar Android, sau da yawa na tsakiya yana aiki amma na murya su ƙi, domin Apple wata hanya daban ta bi.

Haka madannan da ke gefen talabijin da yawa, da na gaban DVD, da na jikin sitiyarin mota masu canza tasha. Akwai kuma allon rubutu mai madannai biyar da ake ɗora wa Arduino, dukkansu biyar ɗin a A0 suke. Masu ƙera kaya suna son dabarar domin kowace ƙafa da kowace waya kuɗi ce. Wasu ayisin ma dole ce take sa a yi haka. ATtiny85 ƙafa takwas gare shi duka-duka, biyu na wuta ne. ESP8266 mai haɗa na'ura da intanet kuwa ƙafar analog ɗaya tak gare shi, kuma shi ba a ba shi bolt 5, sai ka duba iyakar allonka kafin ka haɗa.

Sanin wannan yana iya zama abinci ga mai gyara. Kun taɓa ganin talabijin da za ka danna ƙara murya sai ta canza tasha? Mutane sukan ce ayisi ya tafi, a jefar. Sau da yawa madannin ne kawai ya tsufa. Ƙurar hunturu da danshin damina suna sa ƙarafan ciki su yi tsatsa, tsatsar kuma ta zama kamar ƙarin resista. A namu misalin, idan madannin tebur na 1 ya tara dattin da ya kai om 1,200, to 1k ya koma 2.2k, na'ura za ta rantse tebur na 2 ne. Ka sa mita a ƙafafun madannin ka danna. Lafiyayye zai nuna kusa da sifili. Idan ka ga ɗaruruwa, ko lamba tana rawa, ka cire shi ka liƙa sabo da dalma, aiki ya ƙare.

Gargaɗi kafin mu rufe. Duk abin da na bayyana a kan bolt 5 ne, na batir ko fawa bank. Kada wanda ya kai shi kusa da wutar soket. Idan za ka ciro resista daga mataccen rediyo ko tsohuwar caja, ka tabbata an zare ta daga wuta, kuma ka yi hattara da manyan kafasito, musamman na tsohuwar talabijin, suna riƙe wuta bayan an kashe. Yara kuma a yi da babba a kusa.

'Yan uwana da ke karatu a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, roƙona gare ku ɗaya ne. Idan kun dawo hutu, ku zo da allon nan da kuka yi aikin makaranta da shi ya kwanta a akwati. Ku zaunar da ƙannenku ku nuna musu. Da layi ɗaya da resista huɗu ana iya yin ƙararrawar kiran ma'aikacin jinya daga gadaje huɗu, ko ma'aunin da zai nuna inda ruwa ya kai a tanki. Kuma duk abin da kuka haɗa, ku ba yaro mafi rigima ya gwada shi kafin ku kai gaban jama'a. Ni dai shi ya cece ni.

Wanda ya gwada, ya aiko mana da lambobi huɗun da nasa ya nuna da resistocin da ya sa, mu duba tare ko akwai haɗin da zai ruɗe shi. A tura wa wanda ake ganin zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.